Allurar hana ramar masu ciwon daji: gaskiya ce ko tatsar kuɗi?

Abu_Hanifa_Fagge: Assalamu alaikum. Likitocin gidan nan, ina da tambaya. Ana ta yawo da labarin wata allura ta kamfanin Pfizer, wai tana maido wa masu ciwon daji jikinsu bayan sun rame. Ni abin da ya ɗaure min kai, rama ai rashin ci ne. Wanda bai ci ba ya rame, wanda ya ci ya murmure. Me ya kawo allura? A ba mara lafiya ƙwai da madara da farfesu mana. Ina ganin wata hanyar tatsar kuɗi ce kamfanonin magani suka sake ɓullo da ita.

Maman_Ihsan: Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanifa, da alama Allah bai jarrabe ka da jinyar mai wannan ciwo ba, kuma ina roƙon kada ya jarrabe ka. Surukata ciwon dajin ciki ta yi. Babu abin da ba mu dafa ba. Kunun gyaɗa da madara, farfesun kaza, dabino da zuma, har irin madarar gwangwanin nan mai tsada ta marasa lafiya. Cokali biyu za ta sha ta ture kwanon ta ce ta ƙoshi har wuya. Ranar da ta daure ta ci da yawa don ta faranta wa ɗanta rai, ba mu ga ya zauna a jikinta ba. Zoben da ta shekara da shekaru ba ta iya cirewa, da kansa ya zame ya faɗa cikin kwanon wanke hannu. Gefen goshinta ya lotsa. Zama a kan tabarma ma sai an ninka mata bargo, don ƙashi ke taɓa ƙasa.

Likitan_Ciki: Hajiya ta riga ta ba ka rabin amsa. Abin da ta kwatanta shi muke kira kakeksiya, kuma ba yunwa ba ce. Mai yunwa jikinsa yana da dabara: yana rage ƙona abinci, ya fara cin kitse, ya yi ta kare tsoka iyakar iyawarsa, kuma yana son abinci. Ka ba shi ya ci, ya dawo. Mai kakeksiya kuwa ciwon ne ke sakin wasu sinadarai cikin jini, su kashe sha'awar abinci, su kuma sa jiki ya riƙa narkar da tsokarsa da kitsensa lokaci guda, ko da yana kwance bai yi aikin komai ba. Ciyar da shi kamar zuba ruwa ne a tulun da ya tsage.

A 2011 wasu masana daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin Farfesa Kenneth Fearon na Edinbura, suka tsayar da ma'auni: mai ciwon daji da ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida ba tare da ya yi niyya ba, ko fiye da kashi 2 idan dama siriri ne ko tsokarsa ta riga ta yi ƙasa. A cikin ma'anar da suka rubuta ma sun ce abinci shi kaɗai ba ya iya mayar da shi gaba ɗaya. Ya fi tsanani a ciwon dajin fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi, mai fitar da ruwan narkar da abinci) da na tumbi da na huhu. A na fankiriyas da na tumbi yakan kama kusan mutum 8 cikin 10.

Ɗan_Maraɗi: Likita, mu nan in mutum yana ci yana ramewa, ba a kai shi asibiti da fari. Sai a ce maye ya kama kurwarsa, ko an yi masa sammu. Na ga gidan da aka daina gaisawa da maƙwabciya saboda haka, ƙarshe aka gano tarin fuka ne.

Nas_Hadiza: @Ɗan_Maraɗi wannan ita ce babbar matsalarmu. Kuma ku lura, ba ciwon daji kaɗai ke kawo irin wannan rama ba. Tarin fuka, ƙanjamau, ciwon zuciya da ya yi nisa, ciwon ƙoda, ciwon huhu na masu shan taba, duk suna yi. Bambancin shi ne mai tarin fuka in ya riƙe maganinsa na wata shida, jiki yana dawowa, don an kashe tushen. Saboda haka duk wanda ke ramewa ba dalili, a fara da gwajin majina da na jini kafin a fara zargin mutane.

Abu_Hanifa_Fagge: To na ji. Amma allurar fa? Har yanzu ba wanda ya taɓa ta.

Mai_Haɗa_Magani: Sunanta ponsegromab. An wallafa sakamakon gwajinta a mujallar New England Journal of Medicine a watan Satumba na 2024. Mutum 187 aka gwada, masu ciwon dajin huhu da na fankiriyas da na babban hanji, duk sun riga sun rame. Allura ɗaya duk bayan mako huɗu, tsawon mako 12. An raba su kashi huɗu: wasu miligiram 100, wasu 200, wasu 400, wasu kuma allurar da babu magani a cikinta. Waɗanda suka sami 400 sun fi na allurar banza da kusan kilo 2.8. Sun kuma ba da rahoton cin abinci ya ƙaru, na'urar da aka ɗaura musu ta nuna sun fi motsi, hoton ciki ya nuna tsoka ta ɗan ƙaru.

Yadda take aiki shi ne abin sha'awar. Akwai wani sinadari, GDF-15, da jiki ke saki idan yana cikin wahala. Wasu ciwukan daji suna sakinsa da yawan gaske. Yana bin jini ya je can ƙasan ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, daidai wurin da ke kula da tashin zuciya da amai, ya ce a daina ci. A 2017 ne aka gano ainihin inda yake sauka a wurin. Allurar tana kama shi tun a cikin jini kafin ya isa. Shi ya sa ba kowa aka ɗauka a gwajin ba, sai wanda aka auna jininsa aka ga sinadarin ya hau.

Amma gwajin mataki na biyu ne. Ba a ba ta lasisi a lokacin ba, sai an yi babban gwaji.

Zainabu_Ungozoma: Ikon Allah. GDF-15 ɗin nan shi ne fa wanda aka gano yana da hannu a laulayi mai tsanani, irin wanda mace ko ruwa ta sha sai ta amayar har a kwantar da ita a yi mata ƙarin ruwa. A ƙarshen 2023 aka fitar da binciken a mujallar Nature, mabiyiya ce ke sakinsa cikin jinin uwa. Duk macen da ta yi irin wannan laulayin ta san yadda ake jin ƙamshin miya ya zama abin gudu. To ku ƙaddara haka mai ciwon daji yake ji, ku kuma kuna tsaye a kansa da cokali.

Maman_Ihsan: Wallahi Anti Zainabu kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ita ma cewa take naman yana mata ɗanɗanon ƙarfe.

Likitan_Dabbobi_Gombe: Bari in sako tawa, don labarin nan yana da tushe a fanninmu. Masu kiwo sun san sammore, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanu, saniya tana kiwo amma tana ƙarewa har haƙarƙari ya fito. Wani masani Ba'amurke, Anthony Cerami, ya ga irin waɗannan shanu a Kenya, abin ya dame shi: ƙwayoyin cutar ba su kai yawan da za su cinye abincin dabbar ba, to me ke cinye ta? Ya koma Jami'ar Rockefeller ya yi ta gwaji a kan zomaye da ɓeraye. A 1985 shi da Bruce Beutler suka ware sinadarin da garkuwar jikin dabbar ke saki da kanta, daga baya aka ga ashe shi ne TNF da masu binciken ciwon daji suka riga suka sani. Wato ba cutar ke cin naman ba, martanin jiki ne.

Mai_Haɗa_Magani: Haka ne, ranka ya daɗe. Sai dai ƙarshen labarin bai yi daɗi ba. Da aka samo magungunan da ke toshe TNF, irin su infliximab, an gwada su a kan masu ramar ciwon daji, ba su yi aiki ba. Sinadaran da yawa ne, akwai IL-6, akwai wasu, ka toshe ɗaya saura su ci gaba. Shi ya sa nake jan kunne a kan murna da wuri.

Abu_Hanifa_Fagge: Ka ga ni! Ashe ba yau aka fara alkawarin ba.

Bahaushe_a_Kanada: Malam Abu Hanifa kana da gaskiya ta wani ɓangare, amma ba ta wajen da kake zato ba. Tarihin fannin nan cike yake da magungunan da suka ƙara nauyi suka kasa ƙara ƙarfi. Misali anamorelin, wanda ke kwaikwayon sinadarin yunwa da tumbi ke saki. An yi manyan gwaje-gwaje biyu a kan masu ciwon dajin huhu, aka wallafa a 2016. Nauyi ya ƙaru, naman jiki ya ƙaru, amma da aka ba su na'urar auna ƙarfin damƙa suka matsa, babu bambanci. Hukumar magunguna ta Turai ta ƙi amincewa da shi a 2017. Japan kuma ta amince a 2021, ana amfani da shi can. Akwai enobosarm, shi ma ya ƙara tsoka amma ya faɗi a gwajin hawa bene. To tambayar da masu bincike ke faɗa a kai har yau: me ake nema? Lambar sikeli, ko mutum ya iya tashi ya yi alwala da kansa?

Nas_Hadiza: Sikeli ma yana yaudara. Mun sha ganin mai ciwon hanta ko ƙoda nauyinsa bai sauka ba, dangi suna murna, alhali ruwa ne ya taru a ciki da ƙafafu. Ka ɗaga hannun riga ka ga damtse kamar na yaro. Ni na fi yarda da tef ɗin auna damtse, irin wanda muke amfani da shi ga yara masu tamowa, da kuma ido na.

Bahaushe_a_Kanada: Sista Hadiza, kin shigo inda nake so. Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa: mai ƙiba da tsokarsa ta ƙare a ƙarƙashin teɓa. A Jami'ar Alberta da ke Edmonton, Farfesa Vickie Baracos da ɗalibarta Carla Prado suka yi wata dabara mai sauƙi. Mai ciwon daji dama ana yi masa hoton siti, wato hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka, don a ga ƙarin, wato ƙullutun ciwon. Sai suka ɗauki yanka ɗaya na hoton, daidai ƙashin baya na uku a ƙugu, suka auna faɗin tsoka da na kitse a wurin, don an nuna cewa wannan yankan yana wakiltar jiki duka. A 2008 suka wallafa cewa cikin masu ƙiba, waɗanda tsokarsu ta yi ƙasa sun fi saurin mutuwa. Mutum biyu, tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, amma a hoto ɗaya tsoka ce cike, ɗayan kuma siririn zobe ne kitse ya kewaye, har ya ratsa cikin tsokar.

Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci: ana lissafa yawan maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, ne da tsawo da nauyi. Wanda tsokarsa ta yi ƙasa sai a ba shi daidai da mai tsoka, maganin ya fi ƙarfinsa, a dakatar da shi a tsakiya. Yanzu akwai manhajojin kwamfuta da ke yin wannan awon da kansu cikin daƙiƙoƙi. Abin da nake so matasan likitocinmu su lura da shi, iyakokin da ake cewa tsoka ta yi ƙasa an fitar da su ne daga jikin mutanen Kanada da Turai. Mutanen Asiya sun ga ba su dace da su ba, suka zauna suka fitar da nasu ma'aunin kakeksiya a 2023. Hotunan siti suna nan jibge a manyan asibitocinmu, aikin digiri ne a kwance.

Baffa_Mai_Ƙarfe: Ni fa duk maganar nan abin da na ɗauka shi ne tsoka jari ce. Ku zo ku ɗaga ƙarfe tun kuna da lafiya, ku daina yi mana dariya.

Hajiya_Zango_Kumasi: Baffa, mu tsofaffi mu ɗaga me? Ni tambayata daban ce. Mahaifiyata ba ta da ciwon daji, ba ta da komai sai shekaru, amma tun da ta kwanta zazzaɓi sati biyu ba ta ƙara tashi daga sujada ba sai an kama ta. Shi ma wannan kakeksiyar ce?

Mai_Gashin_Ƙashi: A'a Hajiya, wannan ya fi kama da abin da ake kira sakofiniya, raguwar tsoka da ƙarfi saboda tsufa, kwanciya kuma ta ƙara masa gudu. An yi wani gwaji a Amurka a 2007, aka kwantar da dattawa masu lafiya ƙalau kwana 10 a gado, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Kwana goma kacal. Mu kuma al'adarmu in tsoho ya yi ciwo sai a ce kada ya motsa, a kawo masa komai har buta. Ƙauna ce, amma tana kwantar da shi.

Labari mai daɗi shi ne irin nata yana jin magani. Ta zauna a kujera mai ƙwari, ta tashi tsaye, ta koma, ta maimaita daidai ƙarfinta safe da yamma, wani yana tsaye kusa. A ƙara mata wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, in dai ƙodarta lafiya. Masana a Turai sun sa iyaka a 2019: ƙarfin damƙa ƙasa da kilo 27 ga namiji, ƙasa da 16 ga mace, alama ce a bincika.

Hajiya_Zango_Kumasi: Allah ya saka da alheri, ɗana. Za mu fara.

Ummu_Sudais: Tunda an zo maganar tsoka, masu allurar rage ƙiba ɗin nan ta Ozempic fa? An ce su ma tsoka suke zubarwa.

Mai_Haɗa_Magani: Akwai ƙamshin gaskiya. A babban gwajin semaglutide, wato sinadarin da ke cikin Ozempic, cikin waɗanda aka yi wa awon jiki, kusan kashi 40 cikin 100 na abin da suka rasa ba kitse ba ne. Sai dai ba duka ne tsoka ba, akwai ruwa da sauran gaɓoɓi a lissafin. Abin dariyar shi ne wannan kasuwar ce ta farfaɗo da binciken tsoka. Tun 1997 Se-Jin Lee ya gano myostatin, sinadarin da ke taka wa tsoka burki. A 2010 aka toshe hanyarsa a ɓeraye masu ciwon daji, tsoka ta dawo, suka fi daɗewa a raye duk da ƙarin bai ragu ba. Shekaru aka yi abin yana tafiyar hawainiya. Yanzu da masu kuɗi ke son rage teɓa ba tare da rasa tsoka ba, sai ga kamfanin Eli Lilly ya sayi kamfanin da ke da bimagrumab, maganin da ke toshe wannan hanyar, a 2023. In an dace, masu ciwon daji su ci albarkacin masu ƙiba.

Abu_Hanifa_Fagge: Ai ka ga abin da nake faɗa. Kuɗi ne ke jan akalar. Ko allurar Pfizer ɗin ta fito, wane talaka ne zai saya? Mutumin da ya sayar da gona ya yi kemo zagaye biyu ya tsaya?

Likitan_Ciki: A nan ba zan yi maka musu ba. Irin waɗannan allurai ba sa zuwa da araha, ga kuma gwajin jinin da za a fara yi. Amma akwai binciken da ya fi kusa da aljihunmu, kuma daga Indiya ya fito. A wata cibiya da ke Puducherry aka gwada olanzapine, tsohon maganin taɓin hankali, ɗan kaɗan, miligiram 2.5 a rana, ga mutum 124 da ke fara kemo. Kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka sha sun ƙara fiye da kashi 5 na nauyinsu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 9 ne kawai. A 2023 ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka ta gyara ƙa'idarta ta saka shi. Ina rubuta shi, kuma sai na zauna na yi wa dangi bayani, don suna karanta takardar cikin kwali sai su dawo a fusace wai na mayar da babansu mahaukaci.

Kada wani ya je kemis ya saya da kansa. Yana sa barci, yana iya taɓa sukari, yana karo da wasu magunguna.

Nas_Hadiza: Gara da ka faɗa, Likita. Don abin da dangi ke yi yanzu shi ne su sayo sha-ka-fashe a kasuwa. Wasunsu maganin dexamethasone ne a ciki. Fuska ta kumbura, a ce ya murmure, alhali in an daɗe ana sha shi kansa yana cinye tsokar cinya, mutum ya kasa tashi daga tsuguno. A asibiti ma na 'yan makonni ake bayarwa, ga wanda ciwonsa ya yi nisa.

Mai_Haɗa_Magani: Haka maganin megestrol. Yana buɗe ciki, amma yawancin abin da yake ƙarawa kitse ne da ruwa, ga haɗarin daskarewar jini a jijiya.

Ɗan_Maraɗi: To in an haɗa duka fa? Abinci, motsa jiki, magani?

Bahaushe_a_Kanada: An gwada. Sunan gwajin MENAC, masu bincike daga Norway da Birtaniya suka jagoranta, aka bayyana sakamako a 2024. An haɗa shawarar abinci, abin sha mai man kifi, motsa jiki da ibuprofen ga masu ciwon dajin huhu da fankiriyas. Nauyinsu ya tsaya, na ɗaya ɓangaren ya sauka da kusan kilo ɗaya. Amma tsoka da yawan motsi ba su bambanta ba. Wasu sun ce nasara ce, wasu sun ce wahalar ta fi ribar. Ni ina ganin tsayar da rama ma wani abu ne ga wanda ke tsakiyar kemo.

Maman_Ihsan: Ni dai abin da zan roƙi masu jinya, ku daina faɗa da mara lafiya a kan abinci. A gidanmu sai da ta kai ta ji motsin kwano sai ta juya ta fuskanci bango ta yi kamar tana barci. Wata nas ce ta ce mu daina kawo tire cike, mu riƙa ba ta kaɗan a ƙaramin kofi, abin da ta nema, lokacin da ta nema, ko da kankana ce kawai da tsakar dare. Ba ta yi ƙiba ba, amma ta dawo tana hira da mu.

Likitan_Ciki: Wannan nas ɗin ta san aikinta. Sai dai in ƙara, kada a ɗauki maganar Hajiya a daina ƙoƙari tun da wuri. Matakai ne. A farko, lokacin da wando ya fara yin yawa kuma ana kan magani, abinci yana da tasiri sosai: ana so furotin ya kai giram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Kuma a nemi abin da ke hana ci wanda ake iya gyarawa, ciwon baki, taurin bayan gida, tashin zuciya, raɗaɗi, damuwa. Mai ciwon fankiriyas sau da yawa ba ya narkar da maiƙo, bayan gidansa yana yawo a kan ruwa yana wari, akwai ƙwayoyin narkar da abinci da ake ba shi. A matakin ƙarshe ne, in ciwon ya daina jin magani, tura abinci ta tiyo ko ta jijiya ba ya ƙara kwana, sai dai ya ƙara wahala.

Abu_Hanifa_Fagge: Ni har yanzu ina kan bakana game da farashin. Amma Likita, wancan na Indiya, ana iya ba mai ciwon sukari?

Likitan_Ciki: Ana iyawa a wasu lokuta, amma sai likitansa ya duba sauran magungunan da yake sha, a kuma riƙa auna sukarin a kai a kai, musamman makonnin farko. In wani naka ne, ka tafi da duk kwalayen magungunansa ranar ganin likita, har da na gargajiya.

Baffa_Mai_Ƙarfe: @Mai_Gashin_Ƙashi na'urar auna damƙar nan, ana samunta a Kano? Ina so in gwada 'yan wajen motsa jikinmu, akwai masu cika baki da yawa.